Yadda Ake Auna Duniyoyi, Watanni da Duwatsun Sama da Mudu Ɗaya a Tsakar Gida

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mini wannan aiki. Yana aji biyar na firamare, ya zo da littafinsa na kimiyya a buɗe, ya ɗora yatsa a kan hoton shafin tsakiya ya ce, "Kawu, ashe Jufita ba ta fi duniyarmu da wani abin kirki ba?" Da na duba sai na ga yaro bai yi laifi ba. Mai zanen ya jera duniyoyi takwas kamar ƙosai a faranti, wannan ta ɗan ɗara waccan, rana kuma an maƙale ta a gefe kamar faifai. Yana da uzurinsa, don shafin littafi ba zai ɗauki gaskiyar lamarin ba. Amma a kasuwa, in mai awo ya auna maka gero da tiya, ya auna wa na kusa da kai da gwangwanin madara, sannan ya ce duk mudu guda ne, ai sai an raba ku.

To, abin da za mu yi ke nan: mu auna kowa da mudu ɗaya. Aikin yini guda ne, kuma yawancin kayan suna cikin gida.

Kafin mu fara, mu daidaita sunaye. Biyar daga cikin duniyoyin ana ganinsu da ido, don haka malamanmu sun daɗe da sunayensu na Larabci: Uɗarid, wadda ta fi kusa da rana, Zuhura, wato Zara matar wata, Mirrik ja, wadda ake ji a labarai da sunan Mas, Mushtari, ita ce Jufitar da yaron ke nufi, sai Zuhal mai zobe. Yuranus da Neftun sai da madubin hangen nesa aka gano su, shi ya sa ba su da tsohon suna a wajenmu.

Abin da za ka tanada

Tef ɗin tela, rula, igiya mai tsawon mita 8, turke ko babbar ƙusa, yumɓu kamar rabin bokiti, toka ko farar ƙasa ta yin layi, takarda da biro, sai ɗan hatsi: gero, dawa, gujiya da aya. In babu yumɓu, kwaɓin fulawa da gishiri zai yi, sai dai ka shirya amsa tambaya a wajen uwargida. Ka nemi fili mai faɗin mita 15 aƙalla. In tsakar gida ba ta kai ba, ƙofar gida ko filin makaranta ya wadatar.

Mataki na farko: tsai da ma'auni

Santimita 1 ita ce kilomita 1,000. Shi ke nan. Daɗin wannan ma'auni shi ne ba ka buƙatar kwakuleta: ka ɗauki faɗin abu a kilomita, ka mayar da waƙafin dubu ya zama ɗigo, ka sami santimita. Faɗin duniyarmu kilomita 12,742 ne, ya zama santimita 12.7. Na wata kilomita 3,474, ya zama santimita 3.5. Rubuta ma'aunin da manyan baƙaƙe a kan kwali ka jingina inda kowa zai gani, domin nan gaba za mu sauya shi sau biyu, kuma a wajen sauyin ne yara ke rikicewa.

Auna faɗin abu mai dunƙule da rula yana da wuya, kullum sai ido ya yi ƙari ko ragi. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka zagaya shi da tef ta wajen da ya fi kauri, kamar yadda tela ke auna ƙugu. Kewaye ninkin faɗi ne sau 3.14. Duniya za ta ba ka santimita 40 cif, wanda ya yi daidai da ainihin kewayenta na kimanin kilomita 40,000. Wata kuma santimita 11.

A kula da tef ɗin. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita, kuma teloli da inci suke aiki, don haka hannu ya saba juya shi can. Ranar da muka fara, yaron nan ya auna watansa da gefen inci, ya kawo mini wata ya kusa kai kwakwa, yana ta murna. Sai da muka rushe muka sake.

Mataki na biyu: duniya da wata

Kada ka faɗa wa yara adadi tukuna. Cura dunƙulen yumɓu guda wanda kewayensa ya ɗan haura santimita 40, ka ajiye a gabansu ka ce, a cikin wannan za a fitar da duniya da wata, kowa ya gutsuri abin da yake jin shi ne rabon wata. Za ka ga mafi yawansu sun ɗebi kwata, wasu ma sulusi.

Sannan ka mulmula dunƙulen ya yi tsawo kamar muciya, ka yanka shi gida 5 daidai, kowane gida ka sake yanka shi 10. Ka sami gutsure 50. Ware guda ɗaya tak, shi ne wata. Sauran 49 ka haɗe su ka cura, ita ce duniya. Zagaya su da tef ka gani: 40 da 11, ko kusa da haka. Watan zai fito kamar ƙaramin lemun tsami, duniya kuma kamar kwakwar da aka ɓare.

In kana son yaro ya ji girman wata a jikinsa, ga misalin da na fi so. Faɗin wata daga wannan gefe zuwa wancan ya yi kusan daidai da nisan Kano zuwa Makka a miƙe, yadda jirgin alhazai zai bi da ba ya karkata. Duka biyun suna wajen kilomita 3,500.

Yanzu nisa. Sake tambayarsu: ina za a ajiye watan? Kusan kowa zai ajiye shi taƙi ɗaya ko biyu daga duniya, don haka littafi ya nuna musu. Matsakaicin nisan kilomita 384,400 ne, wato santimita 384, mita huɗu ba kaɗan. Ja tef ka auna, ka kai lemun tsamin can ka ajiye. Duniya 30 za a jera a wannan tazara. A nan ne na ga yaron ya yi shiru, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Kawu, to me ya riƙe shi?" Tambaya ce mai kyau, amma ta wata rana ce.

Kafin ka bar dunƙulen duniya, tsaya ka duba fatarta da kyau. Dutsen Eberest, wanda ya fi kowane tsawo, bai kai kilomita 9 ba, a ma'auninmu bai kai kaurin takardar littafi ɗaya ba. Inda aka saba cewa sararin samaniya ya fara, kilomita 100 sama, milimita 1 ce. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda 'yan sama jannati ke zaune wata da watanni, tana shawagi a wajen kilomita 400, wato milimita 4: manna ƙwayar dawa a jikin yumɓun, bayanta shi ne inda suke. Taurarin ɗan'adam da dish ɗin gidanku ke kallo suna can kilomita 35,786, santimita 36 ke nan. Soka tsinken tsintsiya mai wannan tsawo don a gani.

Mataki na uku: ƙananan duniyoyi da manyan watanni

A nan ne aikin hannu ya fi yawa, sai a raba wa yara, kowa da nasa. Ba wa kowa takarda ɗauke da suna da kewayen da zai cura.

Zuhura faɗinta kilomita 12,104, kewaye santimita 38. Kusan tagwaye suke da duniya, kuma in yumɓu ya yi ƙaranci, tsohon faifan CD faɗinsa santimita 12 ne, ya tsaya mata. Mirrik kilomita 6,779, kewaye santimita 21, kamar ƙwallon tanis ko matsakaiciyar goruba. Mutane da yawa suna zaton ta kai duniya saboda yawan jin sunanta, alhali faɗinta rabi ne da ɗan ɗori. Uɗarid kilomita 4,879, kewaye santimita 15 da ɗigo 3.

Sai watanni. Mushtari na da manya huɗu waɗanda Galileo ya hango a 1610: Ganimid mai kilomita 5,268, Kalisto 4,821, Ayo 3,643, da Yurofa 3,122. Zuhal na da Taitan mai 5,150. Neftun na da Tiraiton mai 2,707. Ninka kowanne sau 3.14 ka sami kewayensa, ko ka bar manyan yara su yi, ai darasin lissafi ne ya zo har gida. A ƙarshe a cura Fuluto, kilomita 2,377, kamar 'yar kanya, da watanta Sharon mai 1,212, kamar ƙwayar aya.

Idan an gama, ɓoye takardun sunayen, ka ce a jera dunƙulen daga babba zuwa ƙarami, sannan a mayar wa kowa sunansa. Abin da zai fito yana rushe tunanin cewa kowace duniya ta fi kowane wata. Ganimid da Taitan, watanni ne, amma sun sha gaban Uɗarid. Kalisto kuma da ƙyar za ka bambanta shi da ita. Fuluto, wadda mu aka koya mana a matsayin duniya ta tara, watanni bakwai ne suka fi ta, har da namu. Tun 1930 da aka gano ta take cikin jerin, sai a 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya, a taronta na birnin Prag, ta mayar da ita ajin ƙananan duniyoyi. Ba ƙanƙanta kaɗai ta jawo mata ba, hujjar da aka kafa ita ce ba ta share hanyarta daga sauran tarkacen da ke zagaya rana tare da ita ba. Ni dai duk wanda ya ga 'yar kanyar nan kusa da ƙwallon Mirrik, ban ga ya ƙara yi mata ƙorafi ba.

Wani abu da yumɓu ba zai nuna maka ba shi ne nauyi. Ganimid ya fi Uɗarid faɗi, amma Uɗarid ta ninka shi nauyi fiye da sau biyu, domin cikinta ƙarfe ne, shi kuwa kusan rabinsa ƙanƙara ce. Dabarar da muka yi ita ce muka cusa ƙaton noti na ƙarfe a cikin dunƙulen Uɗarid, na Ganimid kuma muka lulluɓe dunƙulen takarda da yumɓu. Yaro ya ɗauki ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mataki na huɗu: manya a ƙasa ake zana su

Babu yumɓun da zai ishi Mushtari. Kafa turke a tsakiyar fili, ɗaura igiya, ɗaura tsinke a ɗaya bakin, ka ja da'ira kana zagayawa, igiyar a miƙe. Ka tuna tsawon igiya rabin faɗi ne. Wannan shi ne kuskure na biyu da aka fi yi, a ba igiya cikakken faɗi, da'ira ta fito ninki biyu.

Fara da rana, don sauran su shiga cikinta. Faɗinta kimanin kilomita 1,392,000 ne, mita 13.9 ke nan, igiya mita 7 ba kaɗan. Bi layin da toka don ya fito. A cikin wannan da'ira, can gefe, zana Mushtari: kilomita 139,820, igiya santimita 70. Zuhal kilomita 116,460, igiya santimita 58, sannan daga turke ɗaya ka sake jan wata da'irar da igiya santimita 137, nan ne bakin manyan zobbanta. Yuranus kilomita 50,724 da Neftun 49,244, igiya santimita 25 da 24 da rabi, kowace kamar babban tiren talla.

Yanzu ɗauko duniyar yumɓu ka ajiye a bakin da'irar Mushtari, ka riƙa gusar da ita gaba gwargwadon faɗinta, kana yin alama har ka kai ɗaya bakin. Sau 11 za ka ƙirga. Jan tabon nan da ake gani a hoton Mushtari, guguwa ce da ta daɗe tana kaɗawa, ita kaɗai ta ɗara duniyarmu faɗi. Mushtari kuma sau 10 za ta jeru a faɗin rana, duniya sau 109. Sa yaro ya tsaya a tsakiyar da'irar rana da duniya a tafin hannunsa, ka ɗauke shi hoto daga kan katanga ko wani tudu. Wannan hoton ya fi na littafin amfani.

Mataki na biyar: kada faɗi ya ruɗe ka

Wanda ya ji sau 11 zai ɗauka duniya 11 ne za su cika Mushtari. Da'irar da ke ƙasa shimfiɗe take, ita kuwa Mushtari dunƙule ce, tana da faɗi da tsawo da zurfi. Don haka sau uku ake ninkawa: 11 sau 11 sau 11, ya ba da 1,331. Ainihin adadin yana wajen 1,300. Haka rana: 109 sau uku a jere ya kai kusan miliyan 1.3. Wannan ne ma ya sa wata, da faɗinsa ya haura kwatan na duniya, ya tashi da gutsure ɗaya kacal a gaban 49.

Duk macen da ta saba girkin biki ta san wannan ba tare da lissafi ba. Tukunyar da ta ninka wata faɗi da zurfi sau biyu, ba mudu biyu take ci a madadin ɗaya ba, takwas take ci.

Nauyi kuma hanyarsa daban. Mushtari za ta haɗiye duniya 1,300, amma nauyinta na duniya 318 ne kawai, don yawancinta iska ce. Zuhal ta fi ta sakayau: nauyin duniya 95, kuma in aka kwatanta mudu da mudu, ruwa ya fi ta nauyi. Yuranus ta ɗan fi Neftun faɗi, Neftun ta fi ta nauyi: Neftun nauyin duniya 17, Yuranus 14 da rabi. Duniya ta ninka wata sau 49 a ciki, sau 81 a nauyi. Rana kuwa ita kaɗai ta kwashe fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyin gidan gaba ɗaya, wato ita da duk abin da ke zagaya ta.

Akwai wata magana da ke yawo a intanet, wai duk sauran duniyoyi bakwai za su shige tsakanin duniya da wata. Kana da kayan gwada ta a hannu. Tara faɗinsu: 4.9 da 12.1 da 6.8 da 139.8 da 116.5 da 50.7 da 49.2, ya kama santimita 380. Tazararmu 384 ce, sai ka ce sun shiga. Amma 384 daga cibiyar duniya zuwa cibiyar wata ake auna ta. Cire rabin duniya da rabin wata, santimita 8, saura 376. Ba su shiga ba, saura ƙiris. Sai dai wata ba ya zama a nisa ɗaya: yakan matso zuwa wajen kilomita 363,000, ya kuma ja baya zuwa wajen 405,000. A lokacin da ya ja baya, suna shiga har da sarari. Maganar gaskiya ce a wasu ranakun wata, ƙarya a wasu.

Mataki na shida: duwatsun sama

Tsakanin Mirrik da Mushtari akwai tarin duwatsu da ke zagaya rana. Babbansu Siris, wanda Giuseppe Piazzi ya gano daga Palermo ta ƙasar Italiya ranar 1 ga Janairu, 1801, faɗinsa wajen kilomita 940. A ma'auninmu milimita 9 ce, ƙwayar gujiya. A taswira kuma ya ɗan zarce nisan Sakkwato zuwa Maiduguri a miƙe. Mai bi masa Besta, wajen kilomita 525, ƙwayar dawa mai ƙiba, ko ka ce Kano zuwa Maiduguri. Kumbon Dawn na hukumar NASA ya ziyarci Besta a 2011, ya isa Siris a 2015. Ajiye gujiyar da dawar kusa da lemun tsamin wata. In aka tattara duk duwatsun wannan yanki aka cura wuri guda, nauyinsu bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na wata ba, kuma Siris shi kaɗai ya ɗauki fiye da sulusin wannan.

Daga nan mudunmu ya gaza. Fobos, babban watan Mirrik, wajen kilomita 22 ne, ƙwayar rairayi ke nan. Dutsen da ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, wanda ake dangantawa da ƙarewar manyan dabbobin da ake kira dainoso, wajen kilomita 10 ne, kaurin takarda. Waɗanda ba su kai haka ba ido ba zai gan su ba.

Sai a sauya kwali: yanzu milimita 1 ita ce kilomita 1. Komai ya kumbura sau ɗari. Faɗa wa yara da babbar murya cewa dunƙulen yumɓun nan sun tashi daga aiki, a kwashe su gefe, don kada wani ya kwatanta sabon Siris da tsohuwar duniya. A sabon ma'auni duniya mita 12.7 ce, wato ta kusa cika da'irar da muka ja wa rana ɗazu, sai ka bar ta ta tsaya mata. Wata mita 3 da rabi. Siris santimita 94, Besta 52, a zana su da igiya. Fobos santimita 2.2, ga 'yar kanya ta sami sabon aiki. Ƙaninsa Daimos santimita 1.2, ƙwayar aya. Dutsen dainoso santimita 1, gujiya. Ɗora gujiyar nan a bakin da'irar mita 12.7 ka bar yara su kalla. Abin da ya yi ɓarnar gudu ne, domin irin waɗannan duwatsu suna shigowa da kilomita goma sha wani abu zuwa ashirin ko fiye a daƙiƙa guda.

Dutsen Bennu, wanda kumbon OSIRIS-REx ya ɗebo ƙasarsa ya kawo duniya a watan Satumba na 2023, rabin kilomita ne, rabin milimita ke nan, ɗigon biro. Wani dutsen mai suna Afofis bai kai shi ba, kuma ranar 13 ga Afrilu, 2029 zai gifta duniya a tazarar wajen kilomita 32,000. Koma kan tsinken tsintsiyar nan mai santimita 36 da ka soka wa duniyar yumɓu: ta ƙasan bakinsa zai wuce. Masana sun lissafa hanyarsa, ba zai taɓa mu ba. Wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha a watan Fabrairu na 2013, ya farfasa tagogi ya raunata mutane fiye da dubu, bai wuce mita 20 ba. Ko a wannan ma'auni ba shi da alama.

Mu ma an taɓa jefo mana. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a wata gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina. Da aka bincika, sai aka tarar ɓallin duniyar Mirrik ne, wani karo ya fizge shi daga can ya yi ta yawo kafin ya sauka. Masana a ko'ina da sunan Zagami suke kiransa har yau.

Mataki na bakwai: nisa daga rana

A ma'aunin farko, duniyar yumɓu sai an kai ta mita 1,496 daga da'irar rana, kilomita ɗaya da rabi, taku wajen 2,000 na babban mutum. Mushtari kusan kilomita 8. Neftun kilomita 45, kamar ka bar rana a Kano ka kai tirenta wajen Wudil. Haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, a nan mita 3 yake yi a daƙiƙa, gudun sassarfa. Yaron da ya yi sassarfa daga rana zuwa duniya a minti 8 da daƙiƙa 20, ya yi tafiyar hasken rana daidai.

Tunda ba za a kwashi yara zuwa Wudil ba, sai kwali na uku: santimita 1 ita ce kilomita miliyan 1. Rana ta koma santimita 1.4, ƙwayar aya mai ƙiba. Ajiye ta a bakin filin ƙwallo, ka ja tef. Uɗarid santimita 58, Zuhura 108, duniya 150, Mirrik 228. Duk huɗun ɗigon allura ne, don haka tsinke za ka kafa da takardar suna. Siris mita 4.1. Mushtari mita 7.8, ƙaramar ƙwayar gero. Zuhal mita 14.3, Yuranus 28.7, Neftun 45, kusan tsakiyar fili. A sa wani ya tsare geron, don mu kaza ta cinye mana Mushtari kafin mu dawo daga Neftun.

Tsaya a wajen Neftun ka waiwaya. Huɗun farko sun cunkushe a taku uku na farko, sauran fili fayau. Yankin duwatsun ma, da fina-finai ke nunawa kamar kasuwar Kurmi ranar jajibiri, haka yake fayau, kumbuna sun sha ratsa shi ba su ci karo da komai ba. Tauraro mafi kusa da rana kuwa, a wannan ma'auni, wata ƙwayar ce a wajen kilomita 400, kamar tafiyar Kano zuwa Abuja.

Mataki na takwas: gwada aikinka da ainihin wata

Wannan sai an jira daren sha huɗu. Ajiye lemun tsamin yumɓun nan a inuwa ya bushe, ka sake auna shi, don yumɓu yana tsukewa in ya sha iska. In ya ragu daga santimita 3.5, ƙara masa kaɗan. Soke shi a kan dogon kara. Yanke zare mai santimita 384, ɗaura baki ɗaya a jikin karan daf da dunƙulen.

Bayan magariba, lokacin da wata ya fito bai yi sama sosai ba, wani ya ɗaga karan, kai kuma ka riƙe ɗaya bakin zaren a gefen idonka, ka ja baya har ya miƙe. Rufe ido ɗaya, ka sa mai karan ya matsa dama ko hagu har dunƙulen ya hau kan wata. In awonka daidai ne, zai rufe shi kusan cif, ko ya bar ɗan siririn haske a gefe in watan ya matso kusa a wannan dare. Idonka ya zama duniya, zaren ya zama kilomita 384,400.

Haka wata ke yi wa rana. Ta ninka shi faɗi wajen sau 400, ta kuma ninka shi nisa wajen sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta ruf, kamar yadda aka gani a husufin 29 ga Maris, 2006, da ya ratsa arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar. Amma kada a kuskura a yi wannan gwaji da rana, ko da dunƙulen ya rufe ta, domin hasken gefe kaɗai ya isa ya ƙona ido. A gaya wa yara wannan tun kafin a ba su karan, a kuma karɓe shi a ajiye in an gama.